Ranar da Baba Zagaye Ya Nemi Hita

Duk layin garaji ba mai kiransa da sunansa na yanka. Baba Zagaye ake ce masa, kuma da hannunsa ya sayi sunan. In aka kawo masa mota tana yoyon ruwa ta wajen hita, abin ɗumama cikin mota, ba ya wahalar neman sabon kaya. Sai ya zare tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin mota, ya haɗa bakinsu, ruwa ya riƙa zagayawa a inji kawai. Ya ɗaure da waya, ya lanƙwasa bakinta baya kamar ƙugiya, ɗaurin da ba wani bakanike da ke yin irinsa. Kai, ko tiyon lafiyarsa lau, in ya gan shi hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

"Hita? A wannan ranar da muke soyuwa?" haka yake ce wa masu mota. "Ka taɓa jin wanda sanyi ya kashe a mota?"

A wajen ubangidansa ya gaji wannan aiki tun yana wankin sifana, har gemunsa ya yi fari a kai. Ba za a ci haƙƙinsa ba, mutum ne mai kunne, daga kukan inji yake gane ciwonsa. Amma in ya kafe a kan magana, jaki ma sai ya sallama masa.

Sai autarsa ta haifi bakwaini, 'yar mitsitsiyar yarinya da ta yi makonni a kwalba. Ranar sallama nas ta ja musu kunne: kome za a yi, kada sanyi ya taɓa ta. Mijin Auta, tela ne, ya zo da motar da ya saya ta hannu kwanan nan, wadda surukin bai ko leƙa cikinta ba. Baba Zagaye ya shige gaba yana tsokanar jikar, wai wannan amarya ta yi masa ƙanƙanta.

Sun yi nisa hadari ya haɗo. Ruwa ya tsuge da iska har da ƙanƙara, hanya ta cika, motoci suka yi cirko-cirko. Sanyi ya shigo ta ko'ina.

"Baba, taɓa ƙafarta ka ji," in ji Auta. "Ta ƙi kama nono."

Ya taɓa. Ƙafar ta yi sanyi kamar ƙarfe.

"Malam, kunna hita," ya ce wa tela. Bai taɓa jin wannan magana ta fito daga bakinsa ba.

Tela ya murɗa makunnin zuwa ja, ya ƙure fanka. Iska ta buso mai sanyi ƙarara. Baba Zagaye ya duba allurar zafi, inji ya ɗau zafi daidai. To, ko ruwan inji ne ya yi ƙasa? Ya fita cikin ruwan, ya ɗaga murfin gaba. Ruwa cike. Babban tiyo na sama da zafi har yana ƙona hannu. Ya zura hannu bayan inji ya laluba tiyon hita, don in ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, toshewa ce, ya san dabararta. Sai wani abu ya karce masa babban yatsa.

Ya sunkuya ya duba. Waya ce, bakinta a lanƙwashe baya kamar ƙugiya.

Ya tsaya baki buɗe, ruwa na zuba a ƙeyarsa. Bai tuna motar ba, bai tuna mai ita ba, motoci nawa suka bi ta hannunsa? Bakin bututun hitar biyu suna nan a buɗe, sun yi tsatsa, har zanzaro ya yi gini a ciki. Ko da garajinsa kacokan aka kawo masa nan, aikin yini ne.

Tela ya leƙo ta gefensa, ya ga abin da ya gani. "Innalillahi! An yanke ta? Wane marar imani ne ya yi wannan? Allah ya isa!"

"Juya mota," kawai Baba Zagaye ya ce. "Asibiti."

Ya koma baya kusa da Auta. Dattijon da surukinsa bai taɓa ganin kansa babu hula ba, ya tuɓe jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya goge ƙirji da ɗankwalinta, ya karɓi jaririyar ya manna ta a fatarsa, aka lulluɓe su da duk zanen da ke motar. Ba ta da nauyin filaya. Duk hanya yana sauraron numfashinta.

Suna isa asibiti nas ta karɓe ta da gudu. Sun daɗe tsaye a baranda kafin wani siririn kuka ya fito daga ɗakin, Auta ta durƙushe tana hamdala. Nas ta dawo rai a ɓace.

"Saura ƙiris. Ban ce muku sanyi ba? Motar taku ba ta da hita ne?"

Tela ya buɗe baki zai sake tsinuwa. Baba Zagaye, tsaye ba riga a gaban jama'a, ya riga shi.

"Tana da ita, 'yata. Ni na yanke."

Auta ta ɗago daga inda take durƙushe. "Baba, kai?"