'Yar Tanda

A nan tsaunukan Donegal, duk wanda ya san Nuala mai tumaki ya san murhunta. Ƙaton murhun ƙarfe ne mai shan kananzir, shi ke girki, shi ke ɗumama gida. Amma babban aikinsa yana tandarsa ta ƙasa, mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Ɗan ragon da aka haifa cikin ƙanƙara ya sandare, nan Nuala ke shimfiɗe shi a kan tsumma, ta bar murfin a buɗe, kafin shayi ya huce ka ji kukansa. Har 'yarta Orla, da ta zo bakwaini, 'Yar Tanda ake ce mata a gari, wai a ciki aka ƙarasa gasa ta.

Orla ɗin ce kuwa ta sa aka fitar da murhun. Ya tsufa, yana tsiyayar hayaƙi, ga tari ya kama tsohuwa tun rasuwar mijinta Malachy ya ƙi sakinta. Aka kafa sabuwar na'ura mai fanka a bayan gida, wadda ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ta tura shi ɗakuna.

"Daga wannan iskar mai tsinke kunne?" in ji Nuala. "To, Allah ya ba ta sa'a."

"Mama, sharaɗinta ɗaya ne, ba a kashe ta. A hankali take aiki, in kika kashe sai gida ya wuni bai farfaɗo ba."

Ina! Matar da ko fitila ba ta bari a ɗakin da ba kowa? Kullum za ta fita garke sai ta kashe abarta, wai ba za ta ɗumama wa kujeru jiki ba. Taurin kan Nuala ai sai ita.

Wata safiya, lokacin haihuwar tumaki, ta tarar da tsohuwar tunkiyar Malachy ta haihu a gindin katanga cikin ruwan ƙanƙara, ta mutu a wurin. Ita ce ta ƙarshe cikin irin da ya yi rayuwarsa yana kiwo. 'Yar da ta haifa kaɗai ta rage, ko kai ba ta ɗagawa. Nuala ta sunkuce ta, ta faɗa kicin, ta durƙusa inda ta saba durƙusawa, ta miƙa hannu. Bango ta taɓa. Gidan kuma sanyi kamar randa, da hannunta ta kashe ɗumin. Nan ta fashe da kukan da ko ranar jana'izar mijinta ba ta yi ba.

Da hantsi Orla ta shigo da burodi, ta iske uwarta zaune a ƙasa, jingine da bangon nan, rigar sanyinta ta yi tulu a ƙirji, leɓɓanta na rawa.

"Mama! Kin sake kashewa ko? Kashe kanki za ki yi?"

"Rage murya, 'yar nan. Kunna abin naki, ki bar shi. Na daina."

Orla ta kunna, ta yafa mata bargo, ta zauna kusa da ita. Sai ga jiƙaƙƙen kunnen 'yar tunkiyar ya leƙo ta wuyan rigar.

"Da murhun yana nan da tuni ta tashi," in ji Orla. "Ni na raba ki da shi. Ni da ya raya."

Nuala ta yi tsaki. "Ke ma kin yarda da shirmen ubanki? Shekarar da na haife ki ƙanƙara ta toshe hanya, mai kawo kananzir bai iso ba, murhu ya mutu murus. Ba ki taɓa shiga tanda ba." Ta dafa tulun da ke ƙirjinta. "Nan kika zauna har hanya ta buɗe."

Orla ta kwantar da kai a kafaɗarta. Can cikin rigar wani abu ya motsa, ya yi shure-shure, ya ɓarke da kukan yunwa.

"Kin ji ta ko?" in ji Nuala, tana dariya da hawaye. "Bakinku ɗaya. Tashi ki ɗumamo madara."