Sunayen da Na Wanke

Ban taɓa ganin wawa irina a shekarun nan ba. Takarda goma sha biyu na samo a hannun fataken da suka biyo ayarin Tarabulus, na ba da tunkiya sukutum, na zuba su a gafaka na rataye a bango. Nufina in rubuta asalin gidanmu daga bakin Gwaggo, yayar mahaifina, domin ita kaɗai ta rage da ta san kakanninmu bakwai, tun daga Borno har saukarmu Gaya.

Amma wai ni gwani. Na ce ba zan ɓata takarda da ɗanyen rubutu ba, sai na gwada a allo tukuna. In taka har Gafasa inda take zaune wurin ɗanta, ta faɗa in rubuta, in dawo gida in ƙura wa allon ido. Wannan harafi ya karkace, wancan layi ya fi ɗan'uwansa tsawo, tawada ta yi ruwa, alƙalami bai fiƙu ba. Sai in wanke. Damina uku ina wannan shirme. Har maƙwabta suka fara aiko da ƙoƙo, sun zaci rubutun sha nake yi. Ni kuwa ina ta hura hanci, wai babu mai hannu irin nawa a ƙasar Gaya. Hannun da bai taɓa gama shafi ɗaya ba!

Wata rana Gwaggo ta gaji, ta ce, "Kai ɗan nan, sau nawa zan faɗa maka? Ka rubuta ko da tonon kaza ne, ni ba yarinya ba ce."

Na yi mata murmushin masu ilimi. "Gwaggo, ba ki san sha'anin rubutu ba."

Har yau in na tuna murmushin nan, ji nake kamar in mari kaina.

Da kaka ta yi na sauke gafaka, na tarar gara ta biyo bango ta cinye bakwai. Na kwashi biyar da suka rage da kurtun tawada, na nufi Gafasa. A kan gwiwata na ɗora takarda, ina rubutu yana karkacewa, ban kula ba.

Gwaggo ta faɗi sunaye huɗu, ta tsaya. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta dube ni ta ce, "Sauran ai suna wurinka. Ba ka rubuta ba?"

Na rubuta mana, ya fi sau ashirin. Sai dai wutsiyar harafi nake kallo, ban taɓa sauraron abin da hannuna yake rubutawa ba. Duk na wanke su na zubar a gindin magaryar bayan ɗakina. Kafin lokacin shuka Gwaggo ta rasu.

Tun daga ranar nake rubutu kullum, mai kyau da marar kyau, ba na wankewa. Takardar tana nan, sunaye huɗu a karkace, ƙarƙashinsu fili fari tas. Jikokina sukan ce nan ne ya fi tsabta.