Karen da Na Kai Makaranta

Shekarar da na gama sakandare, ina zaune a gida ina jiran sakamako, karenmu ya sake kashe kazar maƙwabta.

A unguwar Yelwa muke a Jalingo a lokacin. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa na neman ɗakin haya. Ɗaya daga cikinsu, abokin aikin Baba, shi ya zo da karya mai ciki, ta haihu, ya rasa yadda zai yi da 'ya'yan. Baba ya kawo ɗaya gida a cikin kwali. Ni na raine shi, don ni kaɗai ce ba ni da aikin yi. Ja ne mai farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Ba shi da wani amfani sai ci da guje-guje, amma nawa ne.

Maƙwabtanmu Katsinawa ne. Alhaji na da shagon yadi a kasuwa, Hajiya na kiwon kaji, zana ce kawai tsakaninmu. Sun yi mana kawaici ba kaɗan ba, har ranar da karen ya tsoma baki a butar alwalar Alhaji ba su ɗaga murya ba. Amma wannan karon Hajiya ta shigo da kazar riƙe a ƙafa, wuya na reto.

"Maman yara, ga aikin ɗanku."

"Wayyo Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Mama.

"Haƙuri kam na ci na ƙoshi. Ita ce mai yi min ƙwai."

Na ce, "Hajiya, ai kazar ce ta ƙetaro mana."

Mama ta ce in rufe mata baki, na rufe.

Da Baba ya dawo daga ofis bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Akwai masu sayen karnuka da ke zagaya unguwa ranar kasuwa, da keke da kejin waya a baya, kowa kuma ya san a tukunya tafiyar take ƙarewa. Baba ya ce, "Ko ki nemi inda za a gyara shi, ko in kira mai keji. Ba zan ɓata da maƙwabci saboda kare ba."

Wuri biyu na samu. Na farko a Majidaɗi, gidan wani tsohon ɗan sanda da ya yi aiki da karnukan gwamnati, kowa na ce masa Saje. Tun da manya suka fara gina gidaje masu get, kasuwarsa ta buɗe. Ya yi ɗakunan siminti a jere a bayan gida, kowane kare da kwanonsa. Ya fito da wani ƙato mai kama da ɗan maraƙi, ya daka masa tsawa, "Sidon!" Ƙaton ya zauna. Ya sake wata tsawar, ya kwanta. Sannan ya dubi nawa, wanda ke ta ƙoƙarin cin igiyarsa.

"Wane iri ne wannan?"

"Irin kare ne, Saje."

"Na gida ne. Kansu da tauri, amma zan karɓa. Sai dai ke ma za ki shiga kwas. Duk Asabar ki zo, ke za ki riƙe igiya, ke za ki ba da oda, ku yi maci tare har bakin titi."

"Ni na kashe kazar?"

"'Yan mata, haka tirenin yake."

Ya ɗauko tarihin aikinsa tun daga Kaduna, rana na dukana. Na hango kaina ina maci da kare a gaban samarin Majidaɗi ina ihun sidon. Na ce masa zan yi shawara, na ja karena muka fito.

Wuri na biyu wata mai sayar da doya ce ta faɗa wa Mama a zumuntar mata ta coci. Kawunta maharbi ne a wani ƙauye kafin a kai Sunkani, mutane na kai masa karnuka ya horar. Na tafi a bayan akori-kura, a kan buhuna, don fasinjojin gaba sun ce ba za su zauna da kare ba.

Maharbin dattijo ne gajere, Bamumuye, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Babu ɗakin siminti, babu kwano. Karnuka ne kwance a inuwar rumbu, ba wanda aka ɗaure, kaji na kiwo a tsakaninsu har suna taka musu wutsiya. Wannan kaɗai na gani na gamsu.

"Baba, kaji yake kashewa."

"Za ta bari."

"Yaushe zan zo in gan shi?"

"Kar ka zo. In ta gan ka, aiki ta lalace. Sai an yanke dawa."

Ba maci, ba Asabar, ba surutu. Na miƙa masa igiyar.

Kafin in juya, ya gutsuri dafaffiyar doya, ya tauna, ya tofa a tafin hannu, ya goga a hammatarsa, ya miƙa wa karen. Shi kuwa ya lashe tas, har yana neman ƙari.

"Baba, wannan ƙazantar fa?"

"Don ta san ni."

Na ce to. Sauri nake kar mota ta bar ni.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai doya na ji. An ɗaura wa karen mushen kaza a wuya, ya yi ta yawo da ita har ta ruɓe ta zube da kanta, sauran karnuka na gudunsa. Abinci kuwa ba ya samu sai daga tafin hannun dattijon, da yawunsa da guminsa. Haka suke yi wa kowane karen farauta, don ko a tsakiyar daji ya rabu da mutane, warin mai shi zai bi ya dawo.

Da aka yanke dawa na je na ɗauko shi. Ya rame, ya yi tsawo, ya daina tsalle a jikin mutane. Ranar da muka dawo, kajin Hajiya suka ƙetaro kamar yadda suka saba. Ya dube su, ya kau da kai, ya tashi ya koma bayan randa. Hajiya na leƙe ta saman zana.

"Ikon Allah! Maman yara, wannan makarantar ta fi ta 'yarki. Ko ita ma a kai ta?"

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ce madalla, maganar mai keji ta wuce.

Sai dai ba ya cin abin da na zuba masa a kwano. Yakan shinshina ya bari, sai yunwa ta kai masa karo ya ɗan taɓa. In na kira shi ya kaɗa wutsiya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Yini yake kwance, hancinsa na kallon ƙofa. Wata safiya Mama ta buɗe ƙofar za ta zubar da shara, ya bi ta gefenta ya fice.

Na san inda zan same shi. Yana inuwar rumbu, kansa a kan ƙafar dattijon.

"Ita ta zo da kanta," in ji shi. "Ban kira ba."

"To ka warware abin da ka yi masa."

"Ba a warwarewa. Ka ba ta naka, ko za ta karɓa."

Na dawo da shi, na ɗaure a gindin mangwaro. Na kuwa gwada. Na laɓe a bayan kicin, na tauna doya, na tofa, na goga a hammata, na miƙa masa. Ya shinshina ya yi atishawa. Ina ɗaga kai sai ga Hajiya a saman zana.

"'Yan mata, lafiya? Ko asirin miji ake haɗawa?"

Na goge hannuna na shige ɗaki. Kafin yamma duk layinmu an ji.

Daga nan karen ya fara kuka, irin dogon kukan nan da tsofaffi ke cewa kiran mutuwa ne. Ba ya gajiya. Alhaji ya daina tsayawa gaisawa da Baba a ƙofa. Baba ya kira ni, ya ce gobe kasuwa, igiya dai za a kwance, in zaɓi wanda zai kwance ta, ni ko mai keji.

Ni na kwance. Bai ruga ba. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya sha ruwa, ya fita da ɗan sassarfa ya bi hanyar Sunkani. Na wanke kwanon, Mama ta mai da shi na ba agwagi ruwa.

Da rani ya yi, mai doya ta kawo wa Mama ƙunshi a ganye. Cinyar gada ce, an ƙyafe ta. Ta ce a al'adarsu, in kare ya kama nama, mai karen na da kaso, kawunta kuma ya ce har gobe karen na 'yar Yelwa ne. Mama ta yi mana miyar kuɓewa da ita. Na ci, da daɗi.

Haka kason ya riƙa zuwa duk rani, wani lokaci zomo, wani lokaci gafiya. Sakamakona ya fito, na koyi buga tafireta, na samu aiki a sakatariya. Wata shekara rani ya zo ya wuce, ƙunshi bai zo ba. Ina haɗuwa da mai doya a coci kowace Lahadi, mu gaisa. Ba ta taɓa tayar da maganar karen ba, ni ma ban tambaya ba.