Ƙwarnafin Inna Jumma

Tahira ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Mutane na cewa tausayi ne yake sa ta bin gidajen suna, tana tambayar mata yadda ciwon zuciya ya zo musu. Ita ta san haushi ne. Har yau tana jin haushin mahaifiyarta, wadda ta ce ƙwarnafi ke damunta, ta jiƙa kanwa, ta rasu ko nishi ba ta yi ba, ashe zuciya ce.

Yawan tambaya ya koya mata cewa mata da yawa ba sa dafe ƙirji, sai dai gumi, kasala, ciwon baya ko na muƙamuƙi.

A wani suna ta hangi Inna Jumma mai tuƙa tuwo ta saki muciya tana shafa haɓa, ta jiƙe sharkaf.

"Ƙwarnafi ne, 'yar nan. A jiƙo mini kanwa."

"Tashi, Inna. Kya zage ni a mota."

Ta kuwa zage ta har Kano. A asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma an zo a kan lokaci.

Yanzu Inna Jumma ta koma bakin tukunyarta. Duk matar da ta yi gumin da ba na murhu ba, sai ta daka mata tsawa: "Tashi mu je wajen marar kunyar nan!"