Sandar Bakin Gada

Shekarar da aka samu 'yanci, gwamnati ta lura cewa ƙasa ba ta cika ƙasa sai da iyaka. Aka gitta doguwar sanda a bakin gada, aka ɗauko wani siririn mutum aka ba shi hula da usur da rumfar kwano. Sunansa ya ɓace, kowa Mai Sanda yake ce masa.

Manyan birni ba su gama shawara ba ko mutanen ƙetaren kogi 'yan'uwa ne ko abokan gaba. Ran Litinin uwa ɗaya uba ɗaya ne, ran Alhamis 'yan leƙen asiri. Duk abin da suka yanke sai su rubuto, takardar kuwa tana mako biyu a hanya. Shi ya sa kullum Mai Sanda fushin da ya huce yake tsaro.

Matarsa 'yar ƙetare ce. Ta je jinyar mahaifiyarta, tana can takarda ta iso: a rufe, ko kaza kada ta gitta. Da hantsi sai ga ta da ƙulli a ka.

"Maigida, ɗaga mini."

Ya ƙame, ya kalli sama. "Baiwar Allah, an rufe."

"Baiwar wa? Ni na ɗinke maka wandon da kake ƙamewa a ciki!"

"Uwar 'ya'ya, rufa mini asiri. Ƙasa ce ta ce."

"To ƙasar ta dafa maka abinci. In na juya ba ka ɗaga ba, na juya ke nan."

Ga sandar nan ko akuya tana bi ta ƙarƙashinta. Masu wanki ma ta ruwa suke hayewa abinsu, ruwan iya gwiwa. Amma ita ta ƙofa ta shigo gidan miji, ba za ta koma ta tsallake ba. Hannunsa ya kai kan igiyar ɗaga sanda, ya tuna hula, ya janye. Ta gyara ƙullinta ta juya.

Kwana uku sai ga motoci da tutoci. Ashe tuni an shirya, ministocin ƙasashen biyu za su rungumi juna a tsakiyar gada. Mai Sanda ya ɗaga sanda har ta kusa karyewa. Ana watsewa ya ruga gidan surukarsa.

"An buɗe! Taso mu tafi!"

Matar tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ya aika dattawa, ya aika ƙannenta, shiru. 'Ya'ya suka riƙa haye gada cin abinci suna dawowa kwana.

Shekara talatin ya yi a rumfar nan, an rufe an buɗe ba adadi. Ran sallamarsa aka maƙala masa lambar yabo ta tsaron ƙasa. Ya cancanta kuwa. Masu fasa-ƙwauri sun wuce, sojan ƙetare ma sun sha shigowa cin kasuwa. Duk tsawon aikinsa mutum ɗaya tak ya hana shiga ƙasar nan, ita ce ta haifa masa 'ya'ya biyar.