Laifin Rana a Tsakar Gidan Hajiya Kubura

Har gobe ban manta da ranar da Shef Isufu ya so in ɗauki laifin da ba nawa ba, a zauren gidan Hajiya Kubura. Ku da kuka fara riƙe rulo bana, ku saurara da kyau, don wata rana ku ma za a tsayar da ku a irin wannan zaure.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su san shi ba. Shef shi ne mai karɓo aiki, shi yake magana da masu gida. Ƙarƙashinsa akwai magina, su suke jera pabe, bulon nan na siminti da ake shimfiɗa wa tsakar gida. Mu mata mu ne na ƙarshe, mu wanke, mu bari ya bushe, mu shafa berni da rulo, burushin nan mai birgima. Berni wani ruwa ne mai ƙarfin wari, in ya bushe sai pabe ya yi ƙyalli, ruwa da maiƙo su daina shiga cikinsa.

Ba don ana son mu aka ɗauke mu ba. A nan Matameye, yawanci ana jera pabe ne bayan girbi, lokacin maigida yana nan. Amma sabon pabe ba a shafa masa berni nan take, sai ya sha iska wata ɗaya ko biyu, farin gishirin siminti ya gama fitowa. Kafin lokacin ya cika, maigida ya tafi cin rani Nijeriya, gida ya koma ba shiga. Namiji ba zai wuce zaure ba. Shi ya sa rulo ya faɗo hannunmu.

Ni na shafa na gidan Hajiya Kubura, ina da tsohon cikin Nafisa. Ɗan Hajiya, Alhaji Lawali, mai sayar da tayoyi a Legas, shi ya sa a yi wa gidan pabe. Na yi shi yadda aka koya mini, da sassafe kafin pabe ya ɗauki zafi, shafi biyu marasa kauri. Da na gama, har matan maƙwabta suka shigo kallo.

Bazara ta biyu bayan nan, Nafisa tana baya ban yaye ta ba, Shef ya aiko in same shi a ƙofar gidan. Tun daga nesa na ga fuskarsa ba daɗi. Ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Rabi, bernin ya dushe, Alhaji yana ta faɗa. Za a kira shi a waya yanzu. In ya fara, ki ce hannunki ne, kin cika masa ruwan sirki. Ni kuma in yi miki tsawa kaɗan yana ji, ya huce, mu sake shafawa. Shi ke nan."

Wannan ba sabon abu ba ne a aikinmu. Magina kullum suna ɗaukar wa Shef faɗa, a zage su a gaban mai gida, in an fita su yi dariya tare ya saya musu shayi. Amma magini in an zage shi yau, gobe yana wani gini a Kance, ba wanda ya san shi. Ni kuwa matan gida nake yi wa aiki. In aka ce Rabi ce ta ɓata tsakar gidan Hajiya Kubura, kafin suna na gaba kowace mace a unguwa ta ji, kuma ba wadda za ta sake buɗe mini ƙofa. Mijina yana Kano yana tura ruwa, saƙo sai an dace. Kokon Nafisa daga wannan rulo yake fitowa.

Na ce masa bari in shiga in gani tukuna.

Hajiya tana zaune a ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ce mai shafe-shafen? Dubi aikinku. Tsakar gidan da nake ganin fuskata a ciki, yanzu ta koma kamar dugadugaina."

Na duba. Tsakiya, inda rana take kwana a kai tun hantsi har la'asar, ya yi fari fat, ba sauran ƙyalli. Amma ƙarƙashin rumfa da gindin dogon yaro suna nan da kyansu. Na ɗauki buta na ɗiga ruwa a tsakiya, pabe ya shanye nan take. Na ɗiga a inuwa, ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo yana rawa. Bokiti ɗaya na sirka, hannu ɗaya ya shafa, safiya ɗaya. Da ni na ɓata shi, da duk ya ɓaci tare.

Muka fito zaure. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar ciki, Shef ya ɗaga waya a tsakaninmu ya buɗe murya.

"Isufu, shekara biyar ka ce mini!" in ji Alhaji. "Biyar! Ko biyu ba a rufa ba!"

"Wallahi Alhaji kayan masu kyau ne. Yarinyar ce ta cika masa ruwa. Ga ta nan ma. Ke Rabi, ba Alhaji haƙuri."

Nafisa ta farka tana jan gyalena. Na ji zufa tana bi ta bayana tsakanina da ita. Na buɗe baki da niyyar in ce a yi haƙuri, wallahi da wannan niyya na buɗe shi, amma abin da ya fito daban.

"Alhaji, ina wuni. Ba ni ba ce."

Shef ya zaro ido. "Ke!"

"Shef, ka shiga ka gani da idonka?"

"Ina zan shiga gidan mutane?"

"To ni na shiga. Inda rana take bugu ya mutu, inda inuwa take yana nan. Rana ce ta cinye shi, ba hannuna ba. Hajiya tana tsaye, a tambaye ta."

Kada ku ɗauka Hajiya ta goyi bayana. Cewa ta yi, "Inuwar dai tana nan da kyanta, wannan gaskiya ne. Amma ke ɗiyar nan, ba a yi wa uban gida haka a gaban mutane. Wa ya rene ki?"

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Sunana aka kira."

Muna jin ƙarar motoci ta wayar. Alhaji ya ce, "To ke mai baki, shekara nawa yake yi?"

"A ranar garin nan, in ya kai biyu an yi sa'a. A inuwa yana wuce haka. Inda ake daka ko ake wanki da omo, ko biyun ba ya kaiwa. Sai an riƙa sabunta shi."

"Me ya sa ba a faɗa mini haka tun farko ba?"

"Ba ni aka tambaya ba, Alhaji."

Ya ce dukanmu macuta ne, ya kashe waya. Hajiya ta koma ciki. Shef ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na ba shi rulo da bokiti. Ya ce tunda na fi shi sanin aiki, in je in buɗe nawa.

Da ƙafa na koma gida a cikin wannan zafi, ina rufe kan Nafisa da gyale. Ban yi kuka a hanya ba, sai da na shiga ɗaki. Da mijina ya ji a waya, faɗa ya yi. Ya ce kalma ɗaya ce, haƙuri, me za ta rage mini? Na ce masa za ta rage mini kowace ƙofa a Matameye. Ya ce to yanzu wace ƙofa gare ni? Har damina ta faɗi surfe nake yi wa mutane, hannuna ya yi kanta, Nafisa ta yi zazzaɓi ina kallon ta ina tambayar kaina ko taurin kai ne kawai ya kai ni. Amma ko sau ɗaya ban je ƙofar Shef Isufu ba.

Labarin ya zaga unguwa kamar yadda na zata, sai dai ba irin wanda na ji tsoro ba. Ana cewa Rabi ba ta da kunya, ta mayar wa uban gidanta magana. Ba wadda ta ce Rabi ta ɓata aiki. Bayan girbi, wannan shef da muke tare da shi yanzu ya aiko a kira ni. Ya ce, "An ce bakinki ba ya shiru." Na ce, "Haka ne, Shef. Kuma duk gidan da na shiga, sai na faɗa wa matar gida shekara biyu ne kafin in tsoma rulo." Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce aiki da yawa zai kufce mana. Ya kufce kuwa, wasu sun ji biyu sun fasa. Waɗanda suka yarda, in ya dushe, aikowa suke a zo a sabunta, ba faɗa.

Abin da na koya ke nan. Berni ba ya jure ranar ƙasar nan, kowane iri ne, ko wa ya shafa shi. Masu karɓar aiki sun sani, amma alƙawarin shekara biyar ya fi daɗin faɗa a zaure, kuma in lokaci ya yi, na ƙasa ake nema ya ɗauka. Ku wanke da kyau, ku bari ya bushe, kada ku shafa da tsakar rana. In kun yi kuskure, ku amsa naku. Amma in aka ce ku durƙusa ku ba da haƙuri a kan abin da rana ta yi, ku tsaya da ƙafafunku ku ce ba ku ba ne, ko da muryarku tana rawa. Tawa ma rawa ta yi.