Tayar Tsere da Irin Geron Inna

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da wani abokina, da buhun irin gero a bayan mota. Ƙauyenmu muka nufa, can gaba da Dungu. Washegarin ruwan shuka ne, Inna kuma ta aiko a gaya mini ta kira gayya, mutane za su fito da sungumi da sassafe. Gona tana nan, masu aiki suna nan, iri ne kawai babu, don ni na hana ta sayen na kasuwa. Na ce zan kawo mata mai saurin nuna, wanda ko damina ta ɗauke da wuri ya riga ya yi ido. Sati uku da sayensa, ina ta gobe-gobe. Duk lokacin da ta yi zancen sai in ce, "Ran da ruwa ya sauka, awa biyu ina gida."

Abin da ya sa nake wannan cika baki motata ce. 'Yar gajeriya ce mai ƙofa biyu, cikinta kusa da ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu. Tsohuwa ce, daga Kwatano ta zo, amma ina ji da ita. Watan jiya da tayoyinta suka suɗe na je Kano neman wasu. Mai shagon ya nuna mini na kowa da kowa, masu zurfin zane, na ƙi. Na riga na sha kallon bidiyo a waya, na san abin da nake so: irin waɗanda ake tsere da su, masu faɗi, robarsu da taushi, zanensu 'yan layuka kawai. Ya ce, "Alhaji, waɗannan sai busasshiyar kwalta." Na ce ai mu wata tara muke yi ba mu ga ruwa ba. Ya taɓe baki ya ɗaura mini. Kuɗin biyunsu ya ishi huɗu na gama-gari.

In ba su haƙƙinsu, daga Damagaram zuwa Takeita ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Can ba a yi ruwa ba. Da robar ta ɗauki zafi sai motar ta manne da hanya kamar an shafa mata ƙaro, kwana duk kaifinta ba ta ko gezau. Ƙara ce dai da su, da watsa tsakuwa. Abokina ya riƙe kujera da hannu biyu yana ta salati a hankali. A wani shinge jandarma ya zagaya motar ya ce tayoyina sun ƙare, sai da na durƙusa na nuna masa ɗan gashin nan na sabuwar taya kafin ya bar mu.

Muna karyawa kudu sai ƙasa ta sauya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, itatuwan gawo sun fara zubar da ganye. Dama da hagu mutane ne a jere, maza na sara da sungumi, mata na bin su suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Kusa da Kance ruwa ya kwanta a kan kwalta, bai fi tsawon tabarma biyu ba. Na shiga da guduna. Nan take sitiyari ya zama banza a hannuna, motar ta tafi a karkace, Allah ne kawai ya sa babu mai zuwa. Na ji tsoro ƙwarai. Tayar da ba ta da zane ba ta da inda za ta kori ruwa, sai ta hau kansa. Daga nan rarrafe muka yi, masu babur suna wuce mu suna waige.

A Matameye muka tsaya wurin wani dattijo mai faci don in tambayi hanyar Dungu. Abokina ya tsallaka ya sayo ƙosai mai zafi, na ɗari biyu ya ishe mu. Dattijon ya danna babban yatsansa a tayar, ya laluba.

"Ina zanen?"

"Haka ake yin su, Baba. Na tsere ne."

"To, da wa za ka yi tseren? Bar motar nan, ka hau babur ɗin kabu-kabu da buhunka. Burjin nan jiya ya sha ruwa."

Shawara ce mai kyau, kuma na san haka tun a lokacin. Amma ban taɓa kai motar nan ƙauye ba, ina so a ganta. Na yi masa godiya na tayar da mota.

Ba mu yi nisa ba muka iske wani ɗan kwari da laka ta taru. Wata tsohuwar motar kasuwa ta riga ta wuce ta wurin, ga sawunta nan. Tawa tana shiga laka ta shafe ɗan zanen da ke akwai, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri guda har cikin motar ya zauna a ƙasa. Waya babu layi. Na je gonar da ke gefe na yi sallama na nemi taimako. Mai gonar bai ko ajiye sunguminsa ba, ya ce, "Sannu Alhaji. Bari mu kai bakin gona." Ban ji haushinsa ba. Ranar shuka ba mai barin gona saboda motar wani, danshin yini guda ne, in ya tafi sai wani ruwan. Muka zauna a gindin gawo, ina kallon rana tana hawa.

Sai wajen azahar mai gonar ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya ɗauke mu da buhun. Muna isa na hangi gonar Inna, an gama ta kaf, mutane na zaune a inuwa suna shan fura. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini faɗa a gaban mutane. Abokina ta duba.

"Sannunku da hanya. Ka gaya masa mun jira har hantsi. Da na ga rana za ta shanye danshin, sai na fito da geron da na ajiye na tuwo, aka shuka."

Shi ke nan abin da ya rage mata har kaka. Na yi sauri na kwance buhuna na ce to a ci wannan. Na manta an gauraye shi da maganin ƙwari, ja wur yake. Ta leƙa, ta ce wa abokina, "Wannan ko kaji ba a ba su." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Da la'asar shanu suka jawo motar daga laka. A Matameye na auna gero da tsadarsa ta wannan lokaci, na ɗora wa mai kabu-kabu ya kai mata. Muka kamo hanya a hankali, ana kiran magariba muka shiga Damagaram.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Kafin ka sayi taya, tuna hanyar gidanku da watan da aka fi bukatarka a can. Nawa na cire su, na sa masu zane. Sai dai geron da ke gonar Inna bana mai jinkirin nuna ne, yana son damina cikakkiya. Yanzu kullum da safe gabas nake fara dubawa, don in ruwa ya ɗauke da wuri, na san wanda ya jawo mata.